Ƙafar Hagu ta Malachy Drohan

A gundumarmu ta Kilnavarra ba a tambayar yaro wane wasa yake so. Inda gidan ubansa yake kawai ake dubawa. Idan a kwari yake, inda ƙasa take shimfiɗe shanu suna ƙiba, to ɗan ƙwallon sanda ne, wasan da duniya ta sani da hurling. Tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba za a danƙa masa sandar icen ash ya riƙa dukan 'yar ƙwallon fata a jikin bango. Idan kuwa a kan dutse yake, cikin tumaki da hazo, ƙwallon ƙafa irin tamu zai buga, wadda ake cafewa da hannu a sama sannan a narka mata ƙafa. Coci ɗaya muke zuwa, fili ɗaya gare mu, riga ɗaya muke sawa, ja da baƙi, amma mutanen dutse da na kwari ba su taɓa yarda cewa abin da ɗaya ɓangaren yake yi ya isa a kira shi wasa ba. Ni ɗan kwari ne, kuma ba na ɓoyewa, har gobe ina ganin namu ya fi.

Malachy Drohan ya faɗo ne a tsakanin ɓangarorin nan biyu. Ubansa, Jer Drohan, makiyayin tumaki ne a can ƙarshen hanyar dutse, kuma shi ne kyaftin ɗin da ya kawo mana kofin lardi na ƙwallon ƙafa a shekarun 1950, kofi ɗaya tilo da gundumar ta taɓa ɗagawa kafin shekarar da zan ba ku labarinta. Ranar an yi komai yadda al'ada ta tanada. 'Yan wasa suka sauka daga mota a gadar da ta raba mu da gundumar Rathcolla, suka ƙetaro da ƙafa kofin yana gaba, aka kunna wuta a ƙololuwar dutse, cikin makiyayar Jer, don maƙwabta su hango su kwana da baƙin ciki. Uwar Malachy kuwa, Nuala, 'yar kwari ce, ƙanwar Fintan Hahessy mai sassaƙa sandunan wasa.

Rigimar ta samo asali tun ranar bikin auren. Fintan ya ɗan sha fiye da ƙima, ya miƙe zai yi wa ango da amarya fatan alheri, sai bakinsa ya kufce. Ya ce Allah ya yi wa mutum ƙafafu ne don su kai shi filin ƙwallon sanda, duk wani aiki da aka sa su bayan wannan ɓarna ce. Kowa ya yi dariya ban da ango. Jer mutum ne mai riƙo, irin riƙon mutanen dutse da ba ya tsufa. A daren ya rantse cewa muddin yana numfashi ba za a kunna wuta a ƙasarsa don masu dukan juna da itace ba, kuma bai sake taka fili ranar da ake ƙwallon sanda ba.

Saboda haka yaron ya tashi da malamai biyu da ba sa ga maciji da juna. Da yamma, in an gama da tumaki, Jer yakan sa masa takalmin ƙwallo a ƙafar hagu kaɗai, ta dama kuwa ya bar ta cikin tsohon silifan Nuala, ya tsayar da shi gaban bangon ɗakin ciyawa. Duk wanda ya taɓa dukan jiƙaƙƙiyar ƙwallon fata da silifa a cikin sanyi ba ya marmarin sakewa. Malachy ya koyi bugu da hagu yana hawaye, uban yana tsaye da hannuwa a aljihu yana cewa shi dai bai haifi ɗan wasa mai ƙafa ɗaya ba.

Ranar Asabar kuma Nuala takan tura shi kwari wurin wanta, wai ya kai masa ƙwai. Fintan ya sassaƙa masa sanda daidai tsayinsa, ya koya masa ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da bakin sanda, da gudu da ita a kai ba ta faɗi ba, da duka ta kowane gefe. Dokar wasan ba ta hana a taɓa ƙwallon da ƙafa ba in ta kama. Dokar Fintan ce ta hana. Da zarar takalmin yaron ya kai ga ƙwallon, sai ya ji sanda a ƙwauri.

"Nan ba dutse ba ne, ɗan Nuala," in ji shi. "In harbi kake so, koma ka yi da tumakin ubanka. Ƙwallona dai, kada in sake ganin takalmi ya taɓa ta."

Malachy ya riƙe darussan biyu, kowanne a ma'ajinsa, bai taɓa bari sun gauraya ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga cikin manya a wasannin biyu, kafin ya cika ashirin lardi ya kira shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasansa. A wajenmu lissafi ɗaya ne ko da sanda ko da ƙafa: ƙwallon da ta wuce ta saman ƙarfen raga maki ɗaya ce, wadda ta shiga raga maki uku. Shi kuwa kowace iri yana kawowa. Ba dogo ba ne can, amma yana da kafaɗa, kuma yana da wata irin natsuwa da take ba abokin karawa haushi, don ba za ka ga ya yi gaggawa ba sai dai ka ga ƙwallon ta riga ta tafi. Ya fi shekara goma yana sa rigar lardi. Haƙoransa biyu na gaba ya baro su a wani fili a can arewa, zamanin da ake ganin sa hular kwano ragwanci ne. Sau ɗaya ya taka babban filin Dublin, aka doke su, ya dawo ya tashi da asuba ya hau motar madara kamar kullum, don a wasanninmu ba a biyan kowa, kuma tuƙin motar madara ne aikinsa.

A lokacin da yake tashe wata babbar ƙungiya ta birni ta neme shi. Suka yi masa alkawarin aikin ofis, in ya tare a can doka za ta ba shi damar sa rigarsu, kuma su ba sa shekara biyu ba su ɗaga kofi ba. Ya je ya ga filinsu, ya sha shayinsu, ya dawo. Matarsa Breda ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce ya tsaya a tsakiyar filin ya duba wuraren zama, ya ga babu mutum ɗaya da zai zauna a wurin wanda ya san kakarsa, to wa zai yi wa wasan? Breda ta ce da ma ta san haka za a yi, shi ya sa ba ta ɗaure ko cokali ba.

Sai dai rigar ja da baƙi ba ta saka masa da alheri ba. Sau biyar ya kai mu wasan ƙarshe na lardi, uku da sanda, biyu da ƙafa, kuma sau biyar motar 'yan wasa ta ƙetaro gada ba ta tsaya ba. In aka sha kashi a ƙwallon sanda, mu 'yan kwari mukan ce ƙwallon ƙafa ce ta sandarar masa da wuyan hannu. In a ƙwallon ƙafa ne, 'yan dutse su ce ya adana ƙafafunsa ne don wasan kawunsa. Da bakina na faɗi irin wannan magana, kamar kowa. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, don shi kaɗai ne a gundumar yake zubar da gumi sau biyu, kuma shi kaɗai ake zagi ta fuska biyu. Ubansa yana zuwa kallon rabin wasanninsa, kawunsa yana zuwa ɗaya rabin, Nuala ce kaɗai take zuwa duka, ita ma yawanci idonta a rufe yake tana addu'a.

Sannan shekarun tafiya suka zo. Aiki ya yi wuya, samari suka riƙa kama hanyar London da Boston, wannan gida ɗaya, wancan gida uku. Malachy yana ganin abin da idonsa daga kan motar madara: gidan da jiya ake fito masa da garwa huɗu yau ya zama kufai, an ɗaure ƙofa da waya. Aka wayi gari 'yan kwari ba sa iya tara mutum goma sha biyar da za su shiga fili, 'yan dutse ma haka. Rathcolla kuwa tana da masana'anta da sababbin gidaje, samari sun yi musu yawa. Suka aiko da magana mai daɗi, wai a haɗe a zama ƙungiya ɗaya, a sa shuɗiyar rigarsu, a yi wasa a filinsu. Iyayen yara da dama sun fara karkata, don ba wanda yake son ɗansa ya girma ba shi da ƙungiya.

Wata Lahadi cikin hunturu, bayan an fito coci, aka taru a zauren gunduma don a yanke shawara. Fada Tobin, limamin cocinmu, shi ne ya jagoranci zaman. An kusa ɗaga hannu ke nan Malachy ya miƙe daga baya. Lokacin yana da shekara talatin da shida, lardi ya daina kiransa, gwiwarsa ta dama kuma ta fara gaya masa lokacin da ruwa zai sauko. Ba mai magana ba ne a taro, shi ya sa kowa ya juyo.

"Ku ba ni shekara ɗaya," ya ce. "In ban ƙetaro gadar can da kofi ba, ni da kaina zan kwashe rigunanmu in kai wa 'yan Rathcolla su goge motoci da su."

Fintan, wanda gashinsa ya riga ya yi fari fat, ya juyo daga kujerar gaba. "To ina za ka samo goma sha biyar, yaro? A maƙabarta?"

"A kan dutse, Kawu. Ku kuma ku ba su naku ranar ƙwallon ƙafa."

Aka yi ta dariya, wasu har da buga ƙafa. Amma da Fada ya ce a ɗaga hannu, an ba shi shekarar, wasu don ƙauna, wasu don su ga yadda ɗan dutse zai riƙe sanda. Jer yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu, bai ɗaga hannu ba.

Motar madara ce ta yi masa aikin. Ita kaɗai ce take bin kowace hanya a gundumar, daga gonakin kwari har mahaɗar da 'yan dutse suke sauko da garewaninsu. A duk inda ya tsaya sai ya kashe inji ya jingina da ƙofa, ya ƙi tafiya sai an ba shi amsa. Madara ta riƙa isa kamfani a makare, ana yi masa faɗa, yana ba da haƙuri, gobe ya sake. Wanda ya fi ba shi wuya shi ne Mossie Foley, wani ƙaton makiyayi da yake tsare wa 'yan dutse baya a ƙwallon ƙafa, wanda in ya bi, sauran za su bi.

"Ni da sanda?" in ji Mossie. "Malachy, rabona da riƙe itace tun ranar da na kori karen Fada daga garkena."

"Ba cewa na yi ka iya ba. Ka tsaya gaban raga kawai, duk wanda ya zo wucewa ya san ya gamu da mutum."

"In na kashe wani fa?"

"Ai ɗan Rathcolla ne zai kasance."

Mossie ya sosa ƙeya, sannan ya ce a sassaƙa masa mai nauyi.

Wanda bai ga atisayen farko ba ya yi asarar kallo. Fintan ya sassaƙa wa 'yan dutse shida sanduna yana mita, suka karya rabi kafin a tashi. Suna kai duka ƙwallon tana nan kwance ba ta motsa ba, sai ƙasa ce take tashi. Da abin ya ishe su sai su sa ƙafa, tsohon ya bi su da gudu yana zagi har numfashinsa ya ɗauke. Ranar ƙwallon ƙafa kuma 'yan dutse suka rama dariyarsu a kanmu. Amma Malachy ya hango abin da mu ba mu hango ba. Mutanen nan sun saba bin tumaki a kan gangare tun safe har yamma, ba sa gajiya, kuma cafe ƙwallo a sama abincinsu ne, ƙarama ce ko babba. Ya daina wahalar koya musu gwaninta. Ya ce su cafe, su ture, su miƙa wa ɗan kwari mafi kusa da tafin hannu, shi ke nan.

Ƙwallon ƙafa ce ta fara kufce musu. A tsakiyar bazara aka fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da maki ɗaya, bayan wani ɗan kwari ya samu raga a buɗe ya aika ƙwallon cikin gonar mutane. Jer ya sa hularsa ya bar filin bai nemi ɗansa ba. Saura ƙwallon sanda, ita kaɗai, kuma da ita rigar za ta rayu ko ta mutu. Wasa bayan wasa suka riƙa tsallakewa da ƙyar, ba kyan gani, Mossie yana tare hanya, Malachy yana tara maki daga bugun tazara. Da kaka ta yi sai ga mu a wasan ƙarshe, kuma waɗanda za mu kara da su, kamar da gangan, 'yan Rathcolla ne.

Ana saura 'yan kwanaki Malachy ya hau dutse. Ya tarar da uban, wanda ya doshi tamanin, ya matse wata tunkiya tsakanin gwiwoyinsa yana yanke mata kofato. Ya riƙe masa ƙafar tunkiyar, suka yi maganar farashin ulu da ruwan da ya ƙi ɗaukewa, sannan ya kawo abin da ya kawo shi.

"Baba, in Allah ya ba mu ranar Lahadi, ina so a kunna wuta."

"Ku kunna a kwari mana. Ai itace ba ya yi muku wuya."

"A sama nake nufi."

Jer bai ɗago ba. "Na yi magana tun ba a haife ka ba, ba kuma zan lashe ta don na tsufa ba. Je ka yi wasanka. Allah ya tsare maka sauran haƙoran."

Malachy ya sauko zuciyarsa a jagule. Ya gaya wa Breda cewa shekara ashirin yana riƙe sanda cikin manya, mutanen da bai sani ba sun yi tafiyar yini guda don su kalle shi, amma mutumin da ya haife shi bai taɓa gani ba ko sau ɗaya. Breda ta ce ya ci abincinsa, kofi ya yi wa mutane alkawari ba wuta ba.

Ranar Lahadi gundumar ta kwashe kaf zuwa babban garin lardi, ba a bar kowa ba sai karnuka da Jer Drohan. Kafin Nuala ta fita ta ajiye rediyo a kan teburin kicin, ta kamo tashar lardi da za ta watsa wasan, ta ce masa kada ya taɓa mata shi don da wuya take samo tashar.

An yi ruwa tun safe, filin ya yi laushi. 'Yan Rathcolla samari ne masu sauri, sandunansu suna magana, kafin hutun rabin lokaci sun ba mu ratar maki biyar. Magoya bayansu suka fara tambayarmu ta saman shinge ko wace lamba muke so a shuɗiyar riga. Mossie ya shiga ɗakin canza kaya jini yana zuba daga girarsa, aka ɗaure masa kai da tsumma, ya ce shi bai ma san an fara dukansa ba. Malachy bai yi dogon jawabi ba. Ya ce musu filin yana ƙara nauyi, ƙafafun yaran can za su mutu kafin na masu bin tumaki, su dai su riƙe.

Haka kuwa aka yi. Ruwa ya ƙaru, gudun Rathcolla ya ragu, 'yan dutse suka fara cafe duk abin da ya faɗo daga sama. Malachy yana ɗingishi a fili, amma duk bugun tazarar da aka ba mu sai ya ɗaga ƙwallon da bakin sanda ya aika ta saman ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko kallon inda ta bi. Rata ta dawo uku, ta koma huɗu, ta dawo biyu. A nan ta tsaya, alƙalin wasa ya fara duba agogo. Maki ɗaya ba zai yi mana komai ba, sai raga.

Rathcolla suka aiko wata doguwa don su kashe lokaci. Mossie ya tashi sama da tsummansa ya cafe ta a tsakiyar sanduna uku, ya ture mutum biyu, sannan ya yi abin da aka hana shi yi duk shekarar: ya kai mata duka da kansa. Allah ya sa ya same ta. Ta yi sama, ta yi nisa, ta nufo gaban ragar Rathcolla inda Malachy yake tsaye da mai tsaronsa. Su biyun suka kai duka lokaci ɗaya, sandunan suka haɗu, muka ji ƙarar har inda muke. Ta Malachy ce ta karye. Bakinta ya yi tsalle gefe, ya rage daga shi sai guntun mariƙi a hannu, ƙwallon kuwa ta faɗo cikin laka a gabansa, ta gefen hagu, gola ya taso a guje zai share ta.

Daga baya ya ce a wannan ƙiftawar ido har ya ji zafin sandar Fintan a ƙwaurinsa. Shekara ashirin yana wasan manya bai taɓa sa takalmi a wannan ƙwallon ba. Amma ƙafar da ta girma a gaban bangon ɗakin ciyawa ba ta tsaya neman izini ba. Ya dasa ƙafar nan mai ciwon gwiwa, ya sunkuyar da kai yadda aka koya masa a kan dutse, ya ɗauke ta da hagu. 'Yar ƙwallon ta bi ƙasa ta ƙarƙashin sandar gola ta shige kusurwa, raga ta girgiza, aka ɗaga koriyar tuta, alamar ta shiga. Ko minti ba a ƙara ba aka busa tashi.

Ba zan iya faɗin yadda muka tsallake shinge ba, na dai tsinci kaina a tsakiyar fili rungume da wani ɗan dutse da muka shekara bakwai ba ma gaisawa. Aka ɗaga Malachy sama, aka miƙa masa kofi, ya ɗaga shi da hannu ɗaya don ɗayan har lokacin yana riƙe da guntun mariƙin. Murna ta cika shi, amma idonsa yana ta neman mutum ɗaya a cikin taron, kuma da ɗan tsoro yake nemansa. Fintan ya ratso mutane da sandar dogarawarsa, fuskarsa sharkaf, ba duka ruwan sama ba ne.

"Shekara talatin ina koya maka wasan mutane," ya ce, "ka tashi a gaban lardi duka ka ci mini kofi da takalmi."

"Sandarka ce ta karye, Kawu."

"Rufe mini baki. Miƙo shi nan in taɓa."

Hanyar gida ta cikin Rathcolla take bi, direban kuwa bai taɓa tuƙi a hankali kamar ranar ba, hannunsa a kan oda tun daga farkon garin har ƙarshensa. Rana tana faɗuwa muka iso gada. A karo na farko a rayuwar Malachy motar ta tsaya. Ruwa ya ɗauke, jama'a sun cika ɗaya gefen, an kunna tayoyi a mahaɗar kwari. Ya sauko da kofin, ya ɗaga kai ya dubi dutse. Baƙi ƙirin yake, ba ko ƙyalli. Ya gaya wa kansa cewa rigar ta tsira, yara za su sa ja da baƙi, wannan shi ne alkawarin. Ya taka gadar yana ɗingishi, Mossie a damansa, Breda a hagunsa.

Suna tsakiyar gada Breda ta damƙe masa hannu. Can a ƙololuwa wani ɗan ja ya bayyana, ya yi kamar zai mutu, sannan ya kama, ya miƙe sama. 'Yan dutse ne suka fara ihu, mu muka karɓa. Malachy ya tsaya cak da kofi a ƙirji yana kuka a gaban kowa, bai damu ya ɓoye ba.

Bai tsaya jawabin Fada ba. Ya sa kofin a gaban motar madara, Nuala ta shiga, Fintan ma ya hau ba wanda ya gayyace shi, shi da rabonsa da hanyar dutse tun ranar bikin nan. Inda hanya ta ƙare suka ƙarasa da ƙafa a hankali, saboda tsofaffi da gwiwa. Tun kafin su isa Malachy ya lura da girman wutar. Tsofaffin turakun shinge ne, da busasshiyar ƙaya, da katakon rufin tsohon garke, ga tamfol a yashe gefe wanda ya kare su daga ruwa. Wannan ba tarin da tsoho zai yi da yamma ɗaya ba ne. Ya dubi uwarsa, ta kawar da kai ta ce ita dai tun farkon mako ake gaya mata wai ana share makiyaya.

Jer yana tsaye gefen wutar, rediyon Nuala a ƙarƙashin kwat ɗinsa. Bai dubi kofin ba, bai dubi surukinsa ba.

"Mai rediyon nan sakarai ne," ya ce. "Sai ihu yake, ya sa ƙafa, ya sa ƙafa. Abin da mutum yake son ji bai faɗa ba. Da wacce?"

"Ta hagu, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa. Ya goge ido da bayan hannu ya ce hayaƙin ƙayar nan ba shi da kirki. Sai a lokacin ya juya wajen Fintan.

"Ka ji ko, Hahessy? Ashe tana da wani aikin bayan kai mutum fili."

Fintan ya buɗe baki zai rama, Nuala ta taka masa ƙafa, ya rufe. Jer ya ajiye rediyon a kan dutse, ya goge tafukansa a jikin kwat, ya miƙo hannu biyu. Malachy ya ɗora masa kofin. Tsohon ya juya da shi ya fuskanci Rathcolla, ya ɗaga shi sama daidai ƙarfinsa, inda hasken wutar zai same shi.